Jika Ɗaya, Kakanni Biyu

Caxambu, 20 ga Disamba, 1991

Zuwa ga matata Odila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Neusa da jaririn. Yaya jikin mai jego? Yaya gwiwarki da hawa benen nan nasu na Juiz de Fora? Ki ce wa Neusa babanta na gaishe ta, kuma kada ta yi gaggawar tashi, ki zauna da ita har sai ta warware. Ni lafiyata lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi, kuma har yau ban gano inda kike ajiye matatar gahawa ba.

Bayan gaisuwa, ga labari. Ɗanmu Rogerio da matarsa Silvana sun zo da jikarmu Marilia, sun kwana biyu, sun koma São Paulo haɗa kaya. Maganar ƙaurarsu zuwa Lisbon, ƙetaren teku, ta tabbata. Rogerio ya samu aikin likitan haƙori a can, za su tashi bayan sabuwar shekara, kuma ba za su ɗauki yarinyar ba sai sun samu gida da takardu. Suna cewa shekara guda, ni ina ganin za ta fi. Kafin nan a Caxambu za ta zauna, ta yi makaranta.

Abin da ba su yanke ba shi ne gidan da za ta zauna, namu ko na Belmiro uban Silvana. Rogerio ya ce, "Baba, yarinya ta kai sha ɗaya. Ku bar ta ta yi hutun nan a tsakaninku, ƙarshen Janairu ta faɗi inda take so." Na ce tsari ne mai kyau, kuma da fara'a na faɗa, domin ban ga abin zaɓe a ciki ba. A nan ga ɗakin babanta, ga littattafai, ga Lambun Ruwa mai maɓuɓɓugan ruwan magani a bakin ƙofa, ga makaranta a bayan gidanmu, kuma a watan Fabrairu ajina za ta faɗo, ni zan koya mata tarihi. A can fa? Saman tudun Trançador, a kan shagon alewa, da ƙanwarsa Cida da kaji da rediyon da ba a taɓa kashewa.

Odila, kin san tun ina saurayi nake zagaya garin nan da 'ya'yan mutane ranar Asabar. Na nuna wa ɗan mahauci da ɗan likita inda aka fara haƙa ruwan, na ga idanunsu sun buɗe. Yau ga jinina an kawo mini har gida. Na kasa zama. Na tsara mana yawo na kowace safiya, unguwa bayan unguwa.

Jiya muka fara. Na bi da ita ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na gwada mata inda masu zuwa shan ruwan magani daga Rio suke sauka da akwatunansu a zamanin da. Muka gangaro ta titin otal-otal, na roƙi mai gadi ya buɗe mana babban zauren nan da ake caca a ciki kafin gwamnati ta hana. Fitilun gilashin suna nan, ƙura ta rufe su. Na yi mata bayanin yadda garin ya wayi gari makaɗa da masu raba kati duk ba su da aiki. Ta saurara da kyau. Yarinya ce mai ladabi, ba ta katse magana, kowane abu sai ta ce, "To, Kaka." Da muka fito ta tambaye ni ko zan yi mata tambayoyi a kai daga baya. Na ce a'a mana, yawo ne. Amma da cin abincin rana na ɗan gwada ta da guda biyu, ta kuma amsa daidai. Kai gare ta, irin na gidanmu.

Ranar Kirsimeti za ta ci abinci a wurin Belmiro, tunda ba kya nan, ni kuma ba na so in ba ta shinkafar da nake dafawa a ranar salla. Ya kamata ma ta ga gidan, don kada a ce mun hana.

Ki gaishe da mijin Neusa. Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Evaristo


Caxambu, 29 ga Disamba

Odila tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da mutanen gidan duka. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da zazzaɓin Neusa ya sauka. Na ga matatar, na gode. Kin ce in rage tsara yawo in bar yarinya ta huta. Ki saurara ki ji wanda ya kamata a yi wa wannan faɗan.

Ta tafi cin abincin Kirsimeti, ba ta dawo ba sai washegari da yamma, rigarta duk alewar madara. Yarinyar da ba ta wuce "To, Kaka" a gidana, ta shigo tana magana tun daga ƙofa. Wai ta juya alewa a tukunyar tagulla da muciyar da ta fi ta tsawo. Wai Inna Cida ta bar ta ta yanka alewar gwaba. Wai ta san sunan kowane doki da ke jan keke a bakin lambu, har da wanda ba ya tafiya sai an yi masa fito. Duk wannan ban damu ba.

Sai ta ce, "Kaka Evaristo, ka san me ya sa ruwan nan yake tsartuwa sama kowace safiya a lambu? Wani ƙaton sa ne ya nutse a taɓo tun da, yana nan a ƙasa yana barci, in ya yi atishawa sai ruwan ya tashi." Na ajiye cokali na yi mata bayanin iskar da ke taruwa a ƙarƙashin dutse, har da zane a bayan ambulan. Ta dubi zanen ta ce, "To, Kaka." Fuskar ta rufe kamar taga.

Kin lura da sunan? Ni Kaka Evaristo ne, cikakke, kamar a takardar haihuwa. Shi kuwa ya riga ya zama Kaka Miro.

Ya kuma gaya mata wai ya taɓa rawa da wata sarauniyar Turai a zauren cacan nan. Odila, lokacin da aka rufe zauren, Belmiro bai daina fitsarin kwance ba! Ni na kai ta wurin, ni na roƙi mai gadi, amma yanzu in ta tuna zauren, shi take gani a ciki da sarauniyarsa.

Jiya Asabar na fita sayen burodi, na hange su a kasuwa. Ban yi niyyar bin su ba, hanyarmu ce ta zo ɗaya. Kin san yadda yake tafiya, tumbi a gaba, hula a ƙeya, ba ya wuce shago bai leƙa ba. Wurin mai zuma sun lasa. Wurin matan nan masu saƙa, an ɗaura mata ƙyalle a kai. Mai wanki ya fito da kumfa a hannu don kawai ya gaishe ta. Bai nuna mata gini ko ɗaya ba, sun wuce ta gaban cocin kan tudu ko kai bai ɗaga ba. Ci da surutu kawai.

A shagon cuku na Geraldo ya juyo ya gan ni a bayan buhunan wake.

"A'a, Malam! Ɓuya kake yi ko bincike? Zo ka gaya mana shekarar da aka haifi cukun nan, da sunan kakan saniyar."

Shago ya ɗauki dariya. Geraldo, wanda ni na koya masa rubuta sunansa, har da riƙe ciki. Na ce, "Ai tarihin shanu fanninka ne, Belmiro, tunda kana da ɗaya a ƙarƙashin lambu." Ina ganin amsa ce mai kyau, amma ba wanda ya ji, domin ya riga ya yanko cuku ya ɗora alewar gwaba a kai yana tura mini. "Ci, Malam, ci. Kai kullum baki na aiki, ciki na hutu."

Ita ma ta yi dariya, Odila. Ta rufe baki da hannu, ta dube ni ta gefen ido ko na ji haushi, amma ta yi. Na dawo gida ban sayi burodin ba.

Na sani mutumin kirki ne. Shi ya riƙe Silvana shi kaɗai bayan rasuwar matarsa, ban manta ba. Amma na zauna a ɗakin Rogerio ina kallon gadon da na gyara mata da littattafan da na jera daidai tsayinta, ina jin wani abu yana cin ƙirjina wanda ban taɓa ji ba ko lokacin da ɗan mai kemis yake kawo miki furanni. Shi ɗan mai kemis aƙalla na fi shi iya rawa.

Ki gaishe da kowa. Ki rubuto.

Naki,
Evaristo


Caxambu, 3 ga Janairu, 1992

Matata,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Ina fata jaririn ya fara barin ku ku runtsa. Rogerio da Silvana sun bugo waya daga filin jirgi, Marilia ta yi kuka kaɗan, ta share. Wannan gajeriya ce, domin ina so ta kama motar yamma.

Masu tutar Sarakuna Uku, makaɗan nan da ke zagaya gidaje da waƙa bayan Kirsimeti, sun zo gidanmu jiya da hantsi. Ke kika saba karɓar tuta a ƙofa ki zagaya da ita ɗaki-ɗaki, bana ni na karɓa, kuma na manta da kicin sai da shugabansu, tsoho Juvenal, ya yi mini nuni da haɓa. Na ɗaura ƙyallenmu a jikin tutar da sunan jaririn Neusa. Sun yi waƙa mai daɗi a gaban komin jariri Yesu da kika jera, har idona ya kawo ruwa.

Sai masu fuskar dodo suka fara rawarsu a tsakar gida. Kin san ƙa'ida, ba a faɗin wanda ke cikin fuska. Amma wane ne a garin nan bai san tumbin ba? Marilia ta gane shi ta takalmi, ta yi tsalle ta ƙanƙame hannun Cida. Mutum mai jika, yana birgima a ƙasa da riga mai tsumma kala-kala! Ya ƙaga baiti nan take a kan wani malami da ya auna ruwan sama da rula ya ba shi maki huɗu cikin goma. Maƙwabta sun cika katanga suna shewa. Na jefa masa kuɗin rawa kamar yadda ake yi, na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Da za su tafi Juvenal ya yi sanarwa. Ranar shida ga wata, ranar rufe biki, Marilia ce za ta riƙe tuta daga ta ƙarshe cikin ƙofofin gora da ake kafawa a kan hanya har zuwa gaban komi. Belmiro ne ya roƙa mata, don iyayenta su sauka lafiya a baƙuwar ƙasa. Ban taɓa ganin fuskar yarinya ta yi haske haka ba. Ta tattara kayanta ta bi su, za ta kwana can har ranar, wai Cida za ta ɗinka mata farar riga ta koya mata tafiyar.

Na ce na yarda, amma safiyar ranar shida tawa ce, in mayar da ita kafin azahar. Har yanzu ban kai ta maɓuɓɓugan lambu ba, na ajiye su ne sai ƙarshe don su ne kan gaba. Alewa tasa ce, tuta tasa ce, dawakai nasa ne. Ruwan dai nawa ne. Na san kowace maɓuɓɓuga kamar tafin hannuna, kuma a nan ba shi da abin da zai ba ta.

A gaishe da Neusa.

Evaristo


Caxambu, 8 ga Janairu

Odila,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Kafin ki ji daga bakin wani, Marilia lafiyarta lau yanzu, ta ci tuwon masara da romon kaza yau, tana zaune a baranda. Ki kwantar da hankalinki ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi mini faɗan da na cancanta.

Cida ta kawo ta da sassafe ranar shida, ko karyawa ba ta yi ba don zumuɗi. Na ce za mu ci burodin cuku in mun fito. Na ba ta ƙaramin kofin nan naki mai zane, muka shiga lambu ta ƙofar 'yan gari, masu cika kwalabe sun riga sun yi layi.

Ba sai na tuna miki ƙa'idar ba. Kowane yaro a Caxambu ya san ta tun kafin ya iya ƙirga: kurɓi biyu ko uku, maɓuɓɓuga ɗaya ko biyu a wuni, ba a haɗa mai ƙarfe da mai warin ƙwai da mai wanke ciki, balle da yunwa. Baƙin Rio ne suke shigowa da kofi su bi duka goma sha biyun a safiya ɗaya don kada kuɗin ƙofarsu ya tafi a banza, mu kuma mu tsaya muna kallonsu da la'asar suna sauri zuwa otal da ƙafafu a matse. Ni da bakina nake gaya wa kowane aji wannan a bakin ƙofa kafin mu shiga.

A maɓuɓɓugar farko na yi mata bayanin rumfar ƙarfen da inda aka ƙero ta. Tana ta kallon agogon hannuna. A ta biyu ta yi hamma ta ɓoye. Na ce a raina shi ke nan, har ruwan ma na rasa.

Da muka kai mai warin ƙwai, ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Kai! Wannan safar Kaka Miro ce bayan rawa." Dariya ta ƙwace mini, irin wadda na daɗe ban yi ba. Ta dube ni da mamaki, ita ma ta fashe. Sai ta ce mu ba kowane ruwa sunan mutum. Mai kumfa da ke hawa hanci ta ce Inna Cida ce in ta yi fushi. Mai ɗanɗanon tsatsa ta ce mai gadin otal ne. Ta ce sai ta shanye kofi cike kafin ta gane ko wane ne. Ta kama hannuna, Odila, ita ta kama, tana ja na daga wannan rumfa zuwa waccan tana cewa, "Zo, Kaka, saura wa?" Kaka kawai, ba Evaristo.

Ina gani tana cika kofin. Ina ƙirgawa a raina. Zila mai ɗinki tana layi da kwalabenta, ta ce, "Malam, ruwan bai yi wa yarinyar nan yawa ba kuwa?" Na ce, "Na san abin da nake yi, Zila." Na san kuwa. Na san in na ce ta tsaya, na koma malami, hannun zai saki. Na ce a raina guda ɗaya kawai za mu ƙara. Haka na yi ta faɗa har muka zagaye lambun.

Ba mu kai gidan burodi ba cikin ya fara murɗa mata. Kafin azahar ta kasa miƙewa. Na kira likita, ya ce ba haɗari, a ba ta ruwan kwakwa da shayi ta kwanta, ya dube ni ta saman tabarau. Na aika wa Cida. Farar rigar tana can a rataye, an goge ta.

Da la'asar muka ji ganguna suna hawa tudu, sannan tartsatsin wuta ya tashi, alamar tuta ta shige ƙofar ƙarshe. 'Yar Geraldo ce ta riƙe. Marilia ta juya fuska bango ta ja bargo. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta kawai nake gani. Kin san tuta in an naɗe ta ranar shida, sai wata shekara.

Kafin a fara rabon abinci Belmiro ya baro bikin ya gangaro, da rigar tsummarsa, fuskar dodon a ture saman kai, gumi na zuba. Ya shiga wurinta ya daɗe. Ban san me ya ce ba, amma na ji ta ɗan yi dariya. Ya fito ya same ni a kicin.

"Malam, ko ɗan Rio ba ya yi wa jikarsa haka."

Na ce na sani.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa mini tsakaninka da Allah. Da gangan ka yi?"

Na ce a'a. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, na yarda. Ba ka da wayon da za ka shirya wannan." Ya sha ruwa a tulunmu ya koma.

Gaskiya na gaya masa, ban shirya ba. Amma ke zan gaya wa sauran. Lokacin da tartsatsin ya tashi, tana kwance a ɗakin Rogerio, a gidana, ni ke riƙe da kofin shayinta, wani abu a cikina ya ji daɗi. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido, amma na ji shi. Tun ranar ba na iya kallon madubi in yi aski yadda ya kamata.

Kada ki taso saboda wannan, Neusa ta fi bukatarki. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Evaristo


Caxambu, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga Odila, abokiyar zamana,

Gaisuwa da ƙauna. Na ji daɗin jin cewa za ki dawo tsakiyar wata, zan tare ki a tasha. Ina fata jaririn ya ci gaba da ƙiba, Neusa kuma ta fara fita. Wasiƙarki ta biyu ta fi ta farko sauƙi, na gode. Ta farkon ma ban ce kin yi ƙarya ba ko a layi ɗaya.

An yanke magana. Zan gaya miki yadda ta kasance.

Sauran watan ta raba shi tsakaninmu, kwana nan kwana can. Na daina tsara yawo. Ranar Alhamis na ce ta zo mu hau dutse a kujerun nan masu tafiya a kan waya, na yi wa kaina alkawari ba zan yi bayanin komai ba. Kin san wahalar da na sha? Ga gari duka a ƙarƙashinmu, ga rufin gidan wanka, ga hanyar Baependi, ga unguwar Bosque da na san yadda aka yi ta, ni kuwa na cije leɓe. A sama na saya mata masara dafaffiya, muka zauna a kan dakali.

Ita ta fara. Ta ce, "Kaka, Baba zai bugo ranar Lahadi."

Na ce haka ne.

"In na faɗa ba za ka yi fushi ba?"

Na ce ba zan yi ba. Ta ce gidan Kaka Miro take so.

Na riga na sani, amma sani bai rage komai ba. Na tambaye ta ko saboda ruwan ne. Ta zaro ido ta ce, "A'a! Ai ranar ce ta fi kowace daɗi, kafin cikina ya lalace." Ta cire ƙwayar masara da farce. Sannan ta ce, "A gidanka kullum ji nake kamar ana duba takardata. In na faɗi abu ba daidai ba, ba ka faɗa, amma girarka takan ɗaga. A gidan Kaka Miro kowa ma ba daidai yake faɗa ba." Ta ƙara da cewa ai ba komai, tunda ni ne malaminta za ta riƙa ganina kullum a aji, ga malami ga kaka, kowa ya samu.

Ta raba mu ke nan, Odila, da zuciya ɗaya, tana ganin adalci ta yi. Shi kaka, ni malami. Muka sauko, ina riƙe da ƙarfen kujera, ban ga garin ba sam.

Ranar Juma'a na je makaranta wurin shugaba, Malama Irene. Na ce ina roƙon a cire Marilia daga ajina a sa ta a na Otavio. Ta cire tabarau ta ce, "Malam Evaristo, kai da ka zo tun Disamba ka zaɓa mata kujera kusa da taga? Otavio fa bara ya fara koyarwa." Na ce na sani, ni na horar da shi, zai iya. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ta rubuta da sauri kafin in canza. Tun da aka haifi yarinyar nan nake jiran ranar da zan ga hannunta a sama a ajina. Na fito na tsaya a bakin ajin, na dubi kujerar, na wuce.

Kada ki ɗauka na warke. Otavio yana haɗa sarakuna biyu ya mai da su ɗaya, kuma yara suna sonsa don yana zuwa da jita. Yanzu mutum biyu nake jin haushi maimakon ɗaya.

Jiya na ɗauki akwatinta da kaina na hau Trançador. Belmiro yana bakin shago da muciya, ya ce, "Malam, da ka bari na aiko keken doki, kada tarihi ya faɗi a kan tudu." Na ajiye akwatin ina haki. Cida ta ba ni kujera da gahawa, ta ce kowace Lahadi akwai kwanona a gidan, in na ƙi zuwa za ta aiko a ɗauko ni. Ɗakin da suka ba ta ƙarami ne, yana ƙamshin madara da ta ƙone, tagar tana kallon kaji. Ta riga ta liƙa hotunanta a bango.

Da zan tafi ta rako ni har kan kwana. A nan na gaya mata ba ni zan koya mata ba. Ta tsaya cik, ta ce ko laifi ta yi. Na ce a'a, malamai suna da yawa a makarantar, ni wani aikin nake nema a wurinta. Ta yi tunani, irin tunanin Rogerio da goshi a tattare, ta ce, "To in ba kai ne malamina ba, me za mu riƙa yi ranar Asabar?"

Na ce ban sani ba. Ina jin wannan ne karo na farko da ta ji na faɗi haka.

Ta ce, "To ni zan kai ka yawo. Akwai wata mata a bayan tasha mai aku da ke zagin mutane, na tabbata ba ka san ta ba."

Ban san ta ba, Odila. A garin nan aka haife ni, ban san ta ba. Asabar mai zuwa za mu je, kuma an gargaɗe ni kada in gyara wa akun magana.

Ki gaishe da Neusa da mijinta, ki sumbaci jaririn. Ki zo da wuri, gidan ya yi shiru.

Mijinki mai jiranki,
Evaristo